Darasi na Tara: Zaɓen Injin Walda na TIG Don Siririn Sitanles da Alminiyam

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda waldar TIG take aiki, da abin da ya raba ta da waldar sanda;
2. faɗin dalilin da ya sa sitanles yake son wata irin wuta, alminiyam kuma yake son wata dabam;
3. karanta farantin bayanin da ke jikin inji ya gane abin da lambobinsa suke nufi;
4. lissafa ƙarfin wuta da yawan gas da aikinsa zai ci;
5. zaɓen injin da ya dace da aikin da ke shigo masa da kuma kuɗin da ke aljihunsa.

Shimfiɗa

Duk wanda ya shiga kantin injinan walda, abin da za a fara nuna masa shi ne babbar lambar da aka rubuta a jikin kwali: 200, ko 250, ko 315. Mai kanti ya ɗora yatsa a kanta ya ce wannan ya fi wancan ƙarfi, mai saye kuma ya gyaɗa kai. Al'adar tana da asali. Yawancin masu walda a garuruwanmu, daga Panteka ta Kaduna har zuwa ƙananan rumfunan bakin titi, da waldar sanda suka koyi sana'a, suna haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje da tankunan ƙarfe mai kauri. A irin wannan aiki ƙarancin wuta shi ne abin tsoro, domin sanda takan manne, ɗinki kuma ya ƙi shiga. Amma wanda zai haɗa teburin kicin na sitanles da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ko ya gyara fasasshen bututun alminiyam, nasa abin tsoron yawan wuta ne. Darasin nan abu guda yake son ya tabbatar: injin siririn ƙarfe ana auna shi da yadda yake sauka ƙasa ya riƙe ƙaramar wuta ba tare da rawa ba, da kuma irin wutar da yake fitarwa. Babbar lambar da ke jikin kwali tana zuwa ne bayan waɗannan.

Mece ce waldar TIG?

A waldar sanda, sandar ce take ɗaukar wuta, ita ce take narkewa ta cike mahaɗa, garin da aka lulluɓe ta da shi kuma ya ƙone ya kare narkakken ƙarfe daga iska, ya bar ɓawon da ake ɓamɓarewa da guduma. Waldar TIG ta rarraba waɗannan ayyuka uku. Wuta tana fita ta bakin wani tsinke da aka yi da ƙarfen tungsten, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Selsiyos, saboda haka tsinken ba ya shiga cikin ɗinkin. Kariya daga iska aikin gas ɗin agon ne, wanda yake bulbulowa ta wani ƙaramin kofin tangaran da ya kewaye tsinken. Ciko kuma mai walda ne yake sa shi da ɗaya hannun, da wata siririyar sanda marar gari, yana ɗiga shi kaɗan-kaɗan a inda yake so. Tun da an raba zafi da ciko, mutum yana iya rage wuta ba tare da ciko ya ragu ba, yana iya kuma haɗa bakin faranti biyu ba tare da ciko ba sam. Wannan iko ne ya sa TIG ta zama waldar siririn ƙarfe. Dama don haka aka ƙirƙiro ta: a farkon shekarun 1940, a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop da ke Amurka, Russell Meredith ya daidaita wannan hanya domin haɗa ƙananan ƙarafa marasa nauyi irin su magnesiyam, kuma da gas ɗin hiliyam ya yi aiki, abin da ya sa aka fara sayar da ita da sunan Heliarc.

> Akwatin kalmomi na 1
> Harshen wuta: hasken lantarki mai zafi da ke tsallakawa daga bakin tsinke zuwa ƙarfen da ake haɗawa.
> Tafkin narki: ɗan gurbin narkakken ƙarfe da ke ƙarƙashin harshen wuta.
> Sandar ciko: siririyar sandar da ake narkarwa a cikin tafkin don cike mahaɗa.
> Amfiya: ma'aunin yawan lantarkin da ke gudu a waya. A walda, ƙarin amfiya ƙarin zafi ne. Alamarta A.

Halin ƙarfen biyu

Ba a zaɓen inji sai an san halin ƙarfen da za a ba shi. Sitanles ɗin da aka fi yin kayan kicin da shi, mai lamba 304, ƙarfe ne da aka gauraya da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, kuma yana narkewa a wajen digiri 1,400. Babban halinsa rowar zafi: inda ka sa masa wuta, nan zafin yake tsayawa, ba ya yaɗuwa da sauri. Ga shi kuma yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe. Waɗannan biyu idan suka haɗu a siririn faranti, sai ka ga ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari, ko ya huje nan take. Idan zafin ya yi yawa ko ya daɗe, ɗinkin ya fita da launin toka mai duhu maimakon ruwan zinariya ko na ciyawa busasshiya, kuma a wannan wuri ne tsatsa za ta fara kama ƙarfen da aka saya da tsada don kada ya yi tsatsa.

Alminiyam kishiyarsa ne. Yana narkewa a digiri 660 kacal, amma yana kwashe zafi ya watsa shi cikin jikinsa da saurin da ya ninka na sitanles fiye da sau goma. Da farko sai ka ga kamar wuta ba ta kama shi, domin duk abin da ka ba shi yana gudu da shi. Bayan ɗan lokaci, idan farantin gaba ɗaya ya ɗauki zafi, wutar da ta yi kaɗan ɗazu ta zama ta yi yawa. Kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar baƙin ƙarfe, balle ka samu gargaɗi. Kana kallonsa fari fes, sai ya zube. Bayan wannan akwai fatarsa. Da zarar alminiyam ya haɗu da iska, wata siririyar fata da ido ba ya gani takan rufe shi, kuma ita wannan fata ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. Wato ciki ya narke tuni, fata tana nan daram ta rufe shi kamar ledar da aka ƙulle ruwa a ciki. Duk wahalar waldar alminiyam daga wannan fata take tasowa.

Wutar DC da wutar AC

Injin TIG yana iya fitar da wuta iri biyu. A wutar DC lantarki hanya ɗaya yake bi. Ana haɗa hannun walda da ɓangaren da ke da alamar ragi, sai mafi yawan zafin ya sauka a kan ƙarfen, tsinke ya zauna da sanyinsa da tsininsa, harshen wuta ya fita siriri. Wannan ita ce wutar sitanles da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. Amma ba ta fasa fatar alminiyam. A wutar AC lantarki kai da komo yake yi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Rabin da yake tafiya ta wannan fuska yana narkar da ƙarfen, rabin da yake komawa ta waccan kuma yana tarwatsa fatar. Mai lura zai ga wani farin layi kamar an barbaɗa gari a gefe biyu na ɗinkin alminiyam, to wannan ne sawun inda wutar ta share fata. Saboda haka hukuncin farko ba shi da wuya: wanda alminiyam yake cikin aikinsa dole injinsa ya kasance an rubuta masa AC/DC. Injin da aka rubuta masa TIG kawai, ko TIG/MMA, kusan kullum DC ne zalla, komai girman lambarsa.

Wani zai ce ai injin DC ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma masu gyaran tukwane da lagireto sun daɗe suna haɗa alminiyam da wutar karbaid ba su san wani AC ba. Maganar tana da gaskiya, sai dai gaskiyarta tana da iyaka. Waldar karbaid tana cin fatar ne da wani garin sinadari da ake shafawa, kuma idan ba a wanke ragowarsa tas ba, shi ne zai ci gaba da cin ƙarfen bayan an kai wa mai kaya. Zafinta kuma yana bazuwa da faɗi, siririn faranti ya karkace. Akwai sandunan alminiyam na waldar sanda, amma an yi su ne don gyaran abu mai kauri, a kan milimita ɗaya ko biyu huji kawai suke yi. Don haka idan aikin da ke shigowa sitanles ne zalla, teburan gidajen abinci da dogayen hannun bene da tankunan madara, injin DC mai kyau ya wadatar, kuma sayen AC/DC asarar kuɗi ce. Amma wanda yake mayar da masu kawo alminiyam duk mako, idan ya sayi DC don ya rage kuɗi, inji biyu zai saya a ƙarshe.

Injinan AC na zamani suna da maɓallai biyu da ya kamata a nema. Na farko yana raba lokaci tsakanin narkarwa da sharar fata. Yawanci ana fara aiki da kusan kashi 70 na narkarwa da 30 na shara. Idan ƙarfen tsoho ne mai dauɗa a ƙara shara, idan tsinke ya fara narkewa yana yin ƙwallo babba a rage ta. A kula, wasu kamfanoni lambar narkarwa suke nunawa, wasu ta shara, saboda haka 70 a wannan inji ita ce 30 a wancan, kuma mutane da yawa sun ƙona tsinke kafin su gano haka. Na biyu yana saita yawan kai da komon. Tsohon injin taransifoma yana bin na wutar gari, wanda a Nijeriya da Nijar sau 50 ne a daƙiƙa, ba a canza shi. Injin zamani da ake kira inbata yana iya kai shi sau 100 ko 120 ko fiye, kuma ƙaruwarsa tana matse harshen wuta ya zama siriri, ya shiga lungun kusurwa ba tare da ya lashe gefe ba. A siririn alminiyam wannan ba ado ba ne.

> Akwatin kalmomi na 2
> DC: wutar da take gudu ta fuska ɗaya, ta sitanles da baƙin ƙarfe.
> AC: wutar da take kai da komo; ta alminiyam da magnesiyam.
> HF: hanyar tada wuta da tartsatsi, ba tare da tsinke ya taɓa ƙarfe ba.
> Bugun wuta: sauyawar inji tsakanin babbar wuta da ƙarama a kai a kai, kamar bugun zuciya.

Ƙasan inji ya fi samansa muhimmanci

Masu walda suna da wani ƙiyasi na farawa: kusan amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya ta kaurin baƙin ƙarfe ko alminiyam, sitanles kuma ƙasa da haka, wajen 30, saboda rowar zafinsa. Ƙiyasi ne kawai, ana gyara shi da gwaji a kan guntun ƙarfe, amma ya isa ya nuna inda aikin yake.

*Misali na 1.* An kawo wa mai walda farantin sitanles mai kaurin milimita 0.8 domin ya haɗa mazubin wanke kwanuka. Lissafi: 0.8 sau 30, amfiya 24 ke nan. A kanti akwai inji biyu. Na farko an rubuta masa 20 zuwa 250, na biyu 5 zuwa 200. Na farko zai yi aikin ne a dab da ƙarshen ƙasansa, inda harshen wuta yakan yi rawa yana ɗaukewa, kuma idan aka zo bakin faranti, wurin da ake bukatar a sauke wuta zuwa 12 ko 10 don kada ya zube, ba shi da sauran wurin sauka. Na biyu yana da fili a ƙasa. Amfiya 50 ɗin da na farko ya fi shi da ita a sama, wannan mai walda ba zai taɓa ta ba ko sau ɗaya a shekara. Idan kuma gobe aka kawo alminiyam mai milimita 3, lissafin 3 sau 40 ne, wato 120, kuma injin 200 yana ɗaukarsa cikin sauƙi, har zuwa milimita 5 ko kusa da haka.

Lambar ƙasa da aka rubuta ba ita kaɗai ba ce. Wasu injina, ko an saita su a kan 10, lokacin tashi sukan watso wuta mai ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ta isa ta huda siririn faranti tun ba a fara ba. Takarda ba ta nuna wannan hali, gwaji ne yake nuna shi. Mai saye ya tafi da guntayen ƙarfensa, ya nemi a kunna injin a gabansa, ya tada wuta a gefen faranti mafi siranta da yake aiki da shi. Mai kantin da ya yarda da kayansa ba ya ƙin wannan.

Hanyar tada wutar ma abin dubawa ce. Injina masu araha sai an karta tsinke a jikin ƙarfe kamar ashana, wasu kuma a taɓa a ɗaga. Kartawa tana gutsure bakin tsinke ta bar ɓurɓushinsa a cikin ɗinki. Taɓa-ka-ɗaga ta fi ta, kuma tana wadatarwa a sitanles idan hannu ya saba. Amma a alminiyam, da tsinke ya taɓa ƙarfe sai ya kwaso shi ya gurɓace, a tsaya a sake wasa shi. Shi ya sa ake neman HF. Illarta ɗaya ce: tartsatsin yana rikita na'urorin lantarki da ke kusa, kuma mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusanci wurin sai da izinin likita.

Sai feda, wadda ake takawa da ƙafa kamar totur ɗin mota. Mun ga cewa alminiyam yana son wuta mai yawa da farko, kaɗan daga baya. Da feda mai walda yake taka wa sosai har tafki ya buɗe, sannan ya riƙa sassautawa yayin da faranti yake ɗaukar zafi. Ko ba za a sayi feda yau ba, a tabbata injin yana da mashigarta. Bugun wuta kuwa an fi jin daɗinsa a sitanles. Idan aka saita babbar wuta a 50, ƙarama a 20, kowacce rabin lokaci, matsakaicin zafin 35 ne: ɗinki ya shiga kamar na 50, faranti kuma ya sha zafin 35 kawai. Tsofaffin hannu sukan ce su ba sa bukatar wannan, feda da saurin hannu sun ishe su, kuma sun yi gaskiya game da kansu. Ga mai koyo, da kuma wanda zai yi dogon ɗinki a farantin da ake son ya fita sumul, bugun wuta yana rage kayan da ake lalatawa.

Karanta farantin bayani

A baya ko a ƙarƙashin kowane inji na kirki akwai ɗan faranti mai layuka da lambobi. A nan gaskiyar injin take. Nemi layin da aka sa wa alamar X, za ka ga kashi-kashi kamar 25%, 60%, 100%, a ƙarƙashin kowanne kuma akwai amfiya a layin I2. Wannan shi ne juriyar inji: minti nawa cikin minti goma zai yi yana aiki a wannan wuta kafin ya nemi hutu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce a yi wannan awo a zafin digiri 40, amma wasu masu ƙera injina masu araha sukan auna a wuri mai sanyi don lambar ta yi kyau. Ga mai rumfar kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, inda zafin watan Afrilu yake wuce 40 a inuwa, wannan bambanci a jikinsa zai ji shi.

*Misali na 2.* Faranti ya nuna: 25% a kan 200, 60% a kan 130, 100% a kan 100. Ma'ana, a amfiya 200 injin zai yi minti biyu da rabi ya huta bakwai da rabi. A 130 zai yi minti shida ya huta huɗu. Daga 100 zuwa ƙasa ba ya bukatar hutu. Mai aikin sitanles na amfiya 24 zuwa 60 bai ma shiga lissafin ba. Mai alminiyam na 120 zai samu sama da minti shida, kuma da wuya a yi ɗinkin TIG na minti shida ba tsayawa. Wanda ya ga 25% ya tsorata ya ƙara kuɗi ya sayi babban inji, ya biya kuɗin abin da aikinsa bai nema ba.

A farantin dai akwai I1max, wato mafi yawan wutar da injin zai ja daga bango. Soket ɗin gida mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Nijeriya amfiya 13 yake ɗauka, a kan bolt 230, wato kusan wat 3,000. Injin 200 idan aka buɗe shi duka yana jan fiye da haka, saboda haka yana bukatar layinsa na kansa da waya mai kauri. Ga mai janareta, sai a ninka I1max da 230 a samu abin da injin yake nema, a ƙara rara a kai, kuma janaretan ya zama mai na'urar daidaita bolt, domin hawa da saukar wuta shi ne babban mai kashe allon inbata. Injin da aka rubuta masa PFC yana jan wuta kaɗan a aiki iri ɗaya, yana kuma jure raunin wutar gari fiye da wanda ba shi da ita.

A nan ne masu son tsohon taransifoma suke da hujja mai ƙarfi. Suna cewa nasu injin waya ce da ƙarfe, ko ya ƙone mai naɗin waya zai gyara shi, inbata kuwa da allonsa ya mutu sai a jingine shi. Haka ne, kuma ƙurar hunturu da garin ƙarfen da injin gurza yake watsawa suna shiga ta fanka su kwanta a kan allon. Amma taransifoma mai AC na TIG nauyi gare shi, yana shan wuta da yawa, kuma ba ya ba da ikon matse harshen wuta. Maganin raunin inbata shi ne a saya a wurin da ake samun allonsa da mai gyaransa, a tambayi wannan kafin a biya kuɗi, a ajiye shi nesa da inda ake gurza ƙarfe, a riƙa hure masa ƙura da busasshiyar iska.

Gas da kayan da ke ƙarewa

Kuɗin inji sau ɗaya ake biya, na gas kuwa kullum ne. TIG agon zalla take so. Gas ɗin da aka gauraya da iskar kabon, wanda ake wata irin walda mai suna MIG da shi, yana cinye tsinke ya ɓata ɗinki nan da nan. Kafin a sayi inji a fara sanin inda za a riƙa cika tulu da nisan wurin.

*Misali na 3.* Tulu mai lita 40 da aka cika zuwa ma'aunin matsi 150 yana ɗauke da kusan lita 6,000 na gas, wato 40 sau 150. Idan ana sakin lita 8 a minti, 6,000 a raba da 8 ya ba da minti 750, awa goma sha biyu da rabi. Wanda ya buɗe gas zuwa lita 16 yana zaton ƙarin kariya ne, tulunsa zai ƙare a rabin wannan lokaci, kuma ƙarfin fitar gas ɗin yana iya jawo iskar waje cikin tafkin. A lissafin a tuna da gas ɗin da ke ci gaba da fita bayan wuta ta ɗauke, wanda yake kare ɗinki da tsinke har su huce. Ana ba shi kusan daƙiƙa ɗaya ga kowace amfiya goma, kuma injin da ya dace yana da maɓallin saita shi. Bututun sitanles da abinci ko madara za su bi ta ciki sai an cika cikinsa ma da agon lokacin walda, in ba haka ba bayan ɗinkin ya yi baƙin ƙurji inda dauɗa za ta maƙale.

Tsinke ana gane shi da launin gindinsa. Mai shuɗi ko ruwan zinariya yana aiki a AC da DC duka, don haka ya ishi mai inji ɗaya. Kaurin milimita 1.6 don siririn aiki, 2.4 don alminiyam mai ɗan kauri. Mai ja yana ɗauke da sinadarin toriyam mai fitar da ɗan tururin nukiliya, ƙurar wasa shi ba abin shaƙa ba ce. Sandar ciko ta sitanles 304 ita ce 308L, ta alminiyam kuma 4043 ko 5356. A ware wa alminiyam burushin waya na sitanles nasa shi kaɗai. Tukwanen da ake zubawa da narkakken tarkacen alminiyam kuwa, ko da inji mafi tsada sukan yi ta tofar da dauɗa suna ƙananan ramuka, laifin na ƙarfen ne.

Kariya

Hasken TIG ba shi da hayaƙin da zai rage shi, yana ƙona fata da ido fiye da yadda ake zato, don haka a rufe hannu da wuya, a sa gilashi mai duhun lamba 9 zuwa 13 gwargwadon wuta. Hayaƙin sitanles yana ɗauke da sinadarin kuromiyam mai cutar da huhu, a yi aiki inda iska take fita, amma kada fanka ta hura kan ɗinkin ta kore gas. Agon ya fi iska nauyi, ba shi da wari, yana taruwa a ƙasan tanki ya shaƙe mutum ba tare da ya ankara ba. Kada a goge ƙarfe da sinadarin wanke birki mai kulorin kafin walda, domin zafi da hasken wuta suna mayar da shi guba mai kisa.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne ayyuka uku ne sandar walda take yi ita kaɗai, kuma yaya TIG ta rarraba su?
2. Me ya sa wutar DC ba ta dace da siririn alminiyam ba? Ambaci zafin narkewar alminiyam da na fatarsa.
3. Lissafa amfiyar farawa ga sitanles mai milimita 1.5 da alminiyam mai milimita 2.
4. Faranti ya nuna 35% a kan 180. Minti nawa injin zai yi aiki a wannan wuta, minti nawa zai huta?
5. An saita babbar wuta a 70, ƙarama a 30, kowacce rabin lokaci. Nawa ne matsakaicin?
6. Tulu mai lita 50 a matsi 200, ana sakin lita 10 a minti. Awa nawa zai yi?
7. Mai walda da duk aikinsa teburan sitanles ne ya nemi shawararka tsakanin injin DC da AC/DC. Me za ka ce masa, kuma da wace hujja?
8. Aikin gida: ka je kanti ko rumfar walda mafi kusa da kai, ka nemi izini ka kwafo abin da ke farantin bayanin inji biyu, wato mafi ƙarancin amfiya, layin X da I1max. Ka zo da su aji mai zuwa, tare da guntun ƙarfe mafi siranta da ake kawo maka aiki.